Feshi a gonar wani, asara a amyar wani

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen zuma a tasha ko a bakin masallacin Juma'a ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai zuma zai tsoma tsinken ashana a ciki ya ƙyasta, ka ga ta kama. Zai ɗiga ɗigo ɗaya a kofin ruwa, ka ga ya nutse ƙasa bai watse ba. Wani har da rantsuwa zai haɗa maka, cewa da hannunsa ya ɗebo ta daga amya, ko kuwa daga Mambila aka sauke masa ita jiya. Duk wannan hidimar tambaya ɗaya take ƙoƙarin amsawa: an yi wa zumar nan algus da narkakken sukari ko ba a yi ba? Kuma tambayar ta cancanci a yi ta, domin a wurinmu zuma ta wuce kayan zaƙi. Magani ce, ana haɗa ta da habbatus sauda, ana ba mai tari, ana ba mai jego, kuma ko yaron makarantar allo ya ji cewa aya ta 69 a Suratun Nahli ta ce akwai waraka ga mutane a cikinta.

Sai dai akwai tambaya ta biyu wadda ashana da kofin ruwa ba su da ta cewa a kanta. Zuma na iya fitowa daga amya ba hannun da ya gurɓata ta, mai sayarwa ya rantse kuma rantsuwarsa gaskiya ce, amma tana ɗauke da ɓurɓushin maganin ciyawa, wanda ƙudajen da kansu suka kwaso daga gonar wani mutum da mai amyar bai ma san sunansa ba.

Labarin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a jihar Brandenburg ta ƙasar Jamus, a watan Afrilun 2019. Wani mai kiwon zuma ya jera akwatunansa a gefen daji, kusa da wani fili da ya cika da wata ciyawa mai fure rawaya wadda ke rufe filayen Turai idan sanyi ya wuce. Ƙudajensa na ta aiki a kan furen. Kamfanin da ke noma filin ya zo ya feshe shi da gilifoset, maganin ciyawar da aka fi amfani da shi a duniya, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Da aka kai zumar ɗakin gwaji, sai aka tarar maganin da ke cikinta ya kai ninki 152 na abin da dokar Tarayyar Turai ta yarda da shi. Zumar da ta lalace masa a wannan shekara, idan an haɗa da ta sauran wuraren da ya ajiye akwatuna, ta kai wajen tan huɗu. A watan Janairun 2020 shi da abokan sana'arsa suka kwashi wani ɓangare nata suka malala a matattakalar ma'aikatar aikin gona a Barlin. Sai a watan Yunin 2022 kotu ta ce kamfanin ya yi sakaci, ta umarce shi ya biya diyyar kusan yuro 14,500. Kafin hukuncin ya zo, mutumin ya riga ya rufe sana'arsa.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne yadda maganin da aka yi domin kashe ciyawa ya ƙare a cikin saƙar zuma. Amsar tana cikin halin maganin. Manomi ya san magungunan feshi iri biyu ko da bai san sunayensu na boko ba. Akwai mai ƙonewa nan take, irin farakwat, wanda in ka fesa da safe, kafin gobe ciyawar ta yi kamar an bi ta da wuta. Akwai kuma mai bi har saiwa, wanda ake nema idan tofa ko kiri-kiri ko jiji sun gagara. Gilifoset na wannan rukuni na biyu ne, shi ne a cikin Roundup da sauran jarkoki masu sunaye barkatai da ke jere a shagunan kayan noma. Yana shiga ta ganye, ya bi jijiyoyin tsiron zuwa duk inda tsiron ke tura abinci, wato saiwa da toho da fure. Kisan nasa a hankali yake yi. Ciyawar da aka fesa wa shi takan yi kwana uku, huɗu, har mako guda tana tsaye shar, furenta a buɗe, ruwan zaƙinsa na nan. A idon ƙudan zuma babu abin da ya canza. Ba ya jin wani warin da zai kore shi, ba ya faɗuwa matacce a wurin kamar yadda maganin ƙwari ke yi masa. Sai ya tsotsa, ya koma gida lafiya lau, ya juye, ya yi wa 'yan'uwansa rawar nan da suke nuna wa juna hanyar abinci da ita, su ma su taho.

A nan ne abin ya ɗan juya wa tunani baya. Maganin ƙwari mai ƙarfi sau da yawa yakan kashe ƙudan tun kafin ya isa gida, mai amya ya wayi gari ya ga gawarwaki a gindin bishiya, ya san an yi masa ɓarna. Maganin ciyawa kuwa, da yake ba ya kashe mai ɗaukarsa, sai ya samu mai kai shi har cikin rumbu. Daga nan aikin ƙudajen yakan ƙara masa ƙarfi. Ruwan furen da suke kawowa galibinsa ruwa ne, kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Suna ta yi masa fifita da fukafukansu har ruwan ya ragu zuwa ƙasa da kashi 20, sannan su rufe da kaki. Ruwa ya tashi, gilifoset bai tashi ba, domin shi ba ya bin iska kamar fetur. Narkewa yake yi a ruwa kamar gishiri, shi ya sa ma ya fi zama a cikin zumar fiye da cikin kakin. Tacewa da ƙyalle ba ta fitar da shi, kamar yadda ba a tace gishiri daga miya.

Fure ba shi kaɗai ne hanya ba. Iska na kwasar feshi ta kai shi kan furannin da ke bakin gona. Ƙudan zuma kuma yana ɗibar ruwa, musamman lokacin zafi, domin sanyaya amya da tsinka abincin tsutsotsinsa, kuma ba ruwansa da tsabtar ruwan: kududdufi, lambatu, wurin da aka wanke famfon feshi, duk ɗaya ne a wurinsa. Sannan a tuna nisan da yake ci. Kilomita biyu zuwa uku abu ne na yau da kullum, idan abinci ya yi wuya yana iya kaiwa kusan goma. Da'irar kilomita uku kaɗai ta haura hekta 2,800. Wato mai amya ɗaya yana da ɗaruruwan maƙwabta a gona, kuma kowannensu na iya sa hannu a cikin zumarsa ba da saninsa ba. Makiyayi yana iya kora shanunsa su kauce wa gonar da aka fesa. Mai zuma ba shi da sandar da zai kora nasa garken.

An daɗe ba a lura da wannan ba, kuma dalilin na ɗakin gwaji ne. Akwai gwaji guda da ke iya kama ɗaruruwan magungunan feshi a lokaci ɗaya, amma gilifoset yakan sulale masa saboda ƙanƙantarsa da son ruwansa. Sai an yi masa gwaji na daban, da kuɗi na daban. Kamfanin Monsanto ya fito da maganin kasuwa tun 1974, amfani da shi ya yi tashin gwauron zabi bayan 1996 da aka fara shuka waken suyar da aka sauya wa halitta don ya jure masa, ya kuma yi arha bayan 2000 da haƙƙin mallakar kamfanin ya ƙare kowa ya shiga haɗawa. Amma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta fara neman sa a abinci gadan-gadan ba sai 2016. Da wani masanin hukumar ya duba zuma a wannan shekara, ya same shi, har wani samfuri daga jihar Iowa, cibiyar noman masara, ya kai miligiram 0.653 a kilo.

Binciken da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda aka yi a tsibirin Kauai na Hawayi, aka wallafa a 2018. Masu binciken sun ɗebo zuma kai-tsaye daga amyoyi 59, suka sa kowace amya a taswira, suka duba abin da ke kewaye da ita. Kashi 27 cikin 100 na samfuran suna da gilifoset gwargwadon da na'ura ke iya aunawa, mafi yawa ya kai miligiram 0.342 a kilo. Kuma ba a warwatse abin yake ba. Ya taru ne a inda manyan gonaki suke, sai kuma kusa da filayen wasan golf da manyan tituna, inda ake fesa gefen hanya don kada ciyawa ta rufe ta. Amyoyin da ke kewaye da daji sun fi fita tsaf. A Kanada kuwa, wani ɗakin gwaji na gwamnatin lardin Alberta ya yi amfani da na'ura mai ido sosai a 2019, ya same shi a samfura 197 cikin 200, sai dai ko ɗaya bai haura miligiram 0.05 a kilo ba. Idan aka haɗa waɗannan biyu, hoton ya fito: ɗan kaɗan ɗin yana kusan ko'ina a ƙasashen da ake noma da feshi, mai yawan kuwa yana bin sawun feshin da aka yi a kan fure, kusa da amya.

To wannan 0.05 ɗin da ake ta ambata, mene ne shi? Shi ne iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa zuma. Don a gane ƙanƙantarsa, a ɗauka an cika tirela mai ɗaukar tan 30 da zuma zalla. Gilifoset ɗin da doka ta yarda ya kasance a cikin wannan lodin gaba ɗaya giram ɗaya da rabi ne, bai kai rabin ɗunƙulen Maggi ba. Mutum zai zaci likitoci ne suka zauna suka gano cewa daga nan cuta ke farawa. Ba haka aka yi ba. Ba wanda ke fesa wa amya maganin ciyawa da gangan, saboda haka ba wanda ya nemi a ware wa zuma wani kaso, sai aka ajiye iyakarta a daidai ƙaramin abin da ɗakunan gwaji ke iya aunawa da tabbaci. Dokar guda kuma ta yarda alkama ta ɗauki miligiram 10 a kilo, waken suya da sha'ir 20, domin su an san ana fesa musu. Alkama ke nan ta ninka zuma sau 200. Zumar Bajamushen nan da aka zubar, wadda ta kai wajen miligiram 7.6 a kilo, da alkama ce da ta shige kasuwa ba wanda ya ɗaga mata gira. Kuma doka ta hana shi gauraya ta da mai tsabta don adadin ya sauka.

A ɓangaren lafiyar mai sha, lissafin ba shi da wuya. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce mutum na iya ɗaukar miligiram 0.5 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa kullum ba tare da an ga illa ba. Mai nauyin kilo 60 yana da miligiram 30 ke nan a rana. Kafin ya kai wannan ta hanyar zumar da ke daidai kan iyakar doka, sai ya sha kilo 600 a wuni ɗaya. Ko waccan ta Brandenburg, sai ya shanye kusan kilo huɗu kullum. Ciwon sukari zai riga maganin ciyawa zuwa.

Na san akwai mai cewa, to batun sankara fa? Gaskiya ne a watan Maris na 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sa gilifoset a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar, rukunin da jan nama ma ya shiga daga baya a wannan shekarar. Hukumomin Turai da na Amurka suka ce su ba su ga hujjar hakan ba a yadda ake amfani da shi, har Tarayyar Turai ta sabunta lasisinsa a ƙarshen 2023 na tsawon shekara goma. Kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto a 2018, ya amince a 2020 zai biya sama da dala biliyan 10 don rufe dubban ƙararraki a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Gardamar ba ta mutu ba. Amma a duba su wane ne suka kai ƙarar: mutanen da suka yi shekaru suna feshi, maganin na jiƙa musu tufafi da fata. A wurinmu wannan shi ne yaron da ke goye da famfo mai yoyo a bayansa, ba takalmi, ba safar hannu, yana gauraya magani da tsinke, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura. Wanda ya tsorata da cokalin zuma ya manta da wannan yaron, ya bar jaki yana dukan taiki. (In ana neman haɗarin zuma na gaske a gidajenmu, shi ne lasa wa jariri ita. Likitoci sun hana ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, komai kyanta, saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da hanjin jariri bai iya yaƙa da ita ba. Wannan ba shi da alaƙa da feshi.)

Idan mai sha ba ya cikin wani babban haɗari, wa ke ɗaukar nauyin? Na farko mai amya, kuma a kasuwa yake ɗaukarsa. Ƙasar New Zealand ta gina suna a kan zumarta mai tsada da ake kira manuka. Dokarta ta cikin gida ta yarda da miligiram 0.1 a kilo. Japan kuwa, wadda ke cikin manyan masu saye, a lokacin tana aiki da 0.01. A farkon 2021 Japan ta kama lodi bayan lodi da suka haura iyakarta, ta yi gargaɗin za ta rufe ƙofa, dole gwamnatin New Zealand ta wajabta gwada duk zumar da za ta tafi can. Zuma ɗaya, halas a Wellington, haram a Tokyo, kuma kuɗin gwaji ya hau kan wanda bai taɓa riƙe famfon feshi ba. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan, ko da yake ba a zuma ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a rumbu, aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Duk mai mafarkin fitar da zumar Arewa waje, wannan tambayar na jiran sa a tashar jirgin ruwa, kuma a can ba a karɓar rantsuwa.

Na biyu su ne ƙudajen. An daɗe ana cewa gilifoset ba ya taɓa dabba, kuma maganar tana da tushe. Yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari da tsirrai ke amfani da shi wajen ƙera wasu tubalan gina jikinsu, dabbobi da ƙwari kuwa ba su da wannan sinadarin. Abin da aka tsallake shi ne ƙwayoyin bakteriya da yawa suna da shi, kuma cikin ƙudan zuma cike yake da wasu bakteriya masu amfani da ke taya shi narkar da abinci da kare shi daga cuta. A 2018 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin, ƙarƙashin Nancy Moran, suka shayar da ƙudaje ruwan sukari mai gilifoset daidai abin da za su iya haɗuwa da shi a gona. Wasu daga cikin waɗannan bakteriyar suka ragu, kuma da aka haɗa ƙudajen da wata ƙwayar cuta, waɗanda suka sha maganin suka fi mutuwa. Kafin nan, a 2015, masana daga Ajantina da Jamus sun bi sawun ƙudaje da na'urar rada mai bin diddigin abin da ke tashi sama, suka ga waɗanda suka sha maganin sun fi daɗewa kafin su gano hanyar gida. A 2022 wani bincike a Jami'ar Konstanz ta Jamus ya nuna cewa wani ɗan'uwan ƙudan zuma mai jiki da gashi yakan kasa riƙe ɗumin sheƙarsa idan maganin ya haɗu da ƙarancin abinci. Ko ɗaya cikin waɗannan ba kisan farat ɗaya ba ne. Rauni ne da ke taruwa, amya ta yi ta ja da baya har wata rana a tarar ƙudajen sun gudu, mai ita ya ce asiri aka yi masa ko kuwa tururuwa ce.

Akwai kuma abin da ke cikin jarkar ban da gilifoset ɗin. Ana haɗa shi da wasu sinadarai masu kama da sabulu don ya manne wa ganye ya ratsa shi. Wani gwaji a Ingila a 2021 ya nuna waɗannan mahaɗan na iya kashe ƙudan da feshin ya sauka a jikinsa kai-tsaye, ko da babu gilifoset a ciki. Turai ta haramta ɗaya daga cikinsu tun 2016.

A ganina ma babbar ɓarnar ba ta cikin kwalba ko cikin hanjin ƙuda. Maganin ciyawa idan ya yi aikinsa daidai, abincin ƙudan zuma yake sharewa. Abin da manomi ke kira ciyawa, a wurin ƙuda hatsi ne. Tafasa, rai-ɗore, lalo, gasaya, yaryaɗi da sauran tsirran da ke fitowa a kan iyakar gona da burtali, su ne ke riƙe amya tsakanin furen wannan bishiya da na waccan. Fartanya tana barin saura, magani ba ya bari. Matan karkara sun riga kowa lura da wannan, domin ganyen miya da na kwaɗon da suke tsinka kyauta a bakin gona ya fara zama abin saye.

Ba na ɗora wa manomi laifi a kan rungumar feshi. Gayya ta yi ƙaranci, samari sun tafi ci-rani ko haƙar zinariya ko acaɓa, kuɗin ƙwadago na noman firi da maimai ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Lita ɗaya ko biyu da yaro ɗaya suna gama abin da mutum goma za su wuni suna yi. Wanda ya ce a daina feshi bai taɓa tsayawa a gonar da tofa ta cinye ba. Hukumar NAFDAC ta sanar da janye farakwat daga kasuwa daga farkon 2024, atirazin kuma, wanda shi ma maganin ciyawa ne, daga 2025, kuma duk lokacin da aka cire wani magani, hannun manomi zai koma kan wanda ya rage, wato gilifoset zai ƙara samun kasuwa. Sai dai manomin da ke ganin ƙudan zuma ba ruwansa da shi, yana yi wa kansa lissafin da bai cika ba. Wani bincike a Burkina Faso da aka wallafa a 2017 ya rufe furannin auduga da na riɗi don hana ƙudaje isa gare su, sai amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi da kashi 59. Mai riɗi a Jigawa ko Nasarawa, mai kankana, mai kabewa, da matar da ke jiran 'ya'yan kaɗanya, duk suna cin arzikin amyar da ke rataye a kan bishiyar wani.

Tsarin shekararmu yana da wata sa'a da ya kamata a gane ta. Mafi yawan zumar da ake ɗiba a ƙasar Hausa daga furen itatuwa take: gawo bayan ɗaukewar ruwa, sannan mangwaro da kaɗanya da ɗorawa daga hunturu zuwa bazara. Feshin ciyawa kuwa ya fi yawa a farkon damina. Fure yana sama, feshi yana ƙasa, kuma watanninsu sun saɓa. Wannan kariya ce da mai zuma a filayen Jamus ko Kanada ba shi da ita. Amma kariyar tana da ƙofofi biyu a buɗe. Ta farko ita ce zumar da ƙudaje ke tarawa da damina daga ciyayi da amfanin gona. Ta biyu noman rani. A watannin da ko'ina ya bushe, fadama da magudanan ruwa irin na Kadawa ko Bakolori su ne kaɗai wurin da ke da kore da ruwa, duk ƙudan da ke yankin can zai nufa, kuma can ne ake feshi, can ake cika famfo, can ake wanke shi a zubar da ɗauraya a bakin ruwa.

Shawarar da aka saba bai wa manoma ita ce su yi feshi da yamma bayan ƙudaje sun koma gida. Ga maganin ƙwari tana da amfani sosai. Ga gilifoset ba ta wadatar ba, domin furen da aka fesa da magariba zai buɗe da safe ɗauke da maganin a cikinsa, ya yi kwanaki a haka. Abin da ke raba gardama shi ne kada maganin ya sauka a kan ciyawa mai fure: ko a fesa tun tana ƙarama, wanda ma shi ne lokacin da ya fi cin ta da ƙaramin kuɗi, ko a sassabe furen a bari ta sake toho sannan a fesa. Kotun Jamus ma a kan wannan gaɓar ta tsaya, cewa filin yana cikin fure kuma akwatunan suna inda kowa zai gan su. A wurinmu ganin ya fi sauƙi, tunda amya a kan ɗorawar da ke tsakiyar gonar take, kuma mai amya da mai gona galibi sahu ɗaya suke bi a masallaci. Sallama ɗaya da daddare ta isa mai amya ya san za a fesa jibi, ya sauke ta ya matsa da ita in mai matsuwa ce, ko ya ɗebe zumar da ta nuna kafin ranar. Da rani kuma ya ajiye tsohon kasko a inuwa kusa da bishiyar, ya zuba ruwa mai kyau, ya jefa 'yan karare ko tsakuwa a ciki don ƙudajen su sami wurin sauka. Idan suka saba da kaskon tun kafin zafi ya tsananta, da yawansu ba sa ƙara wahalar da kansu zuwa lambatu.